Ruwan randa da abin da ido ba ya gani

A ajin da nake koyarwa, a farkon watan Oktoba, damana ta ƙare amma tabki na cike, na ce kowane yaro ya zo da ruwan gidansu cikin kwalba. Muka jera kwalabe a bakin taga. Ga ruwan pampo, ga na rijiya, ga na tabki. Na tabki ja wur, kamar an dama jar ƙasa. Na ce: "Wanne za ku sha?" Duk suka nuna na rijiya, don shi ya fi haske.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu daga bayan aji. Ta ce: "Mushe, in inna ta sa gishiri cikin ruwa ba a ganinsa, amma in ka ɗanɗana yana nan. To, yaya za mu san babu wani abu cikin wannan?"

Ran nan ban ba ta amsa ba. Ga amsar yau, gare ta da gare ku duka.

Abin da ke cikin ruwa

Na farko laka ce. Ita kowa na ganinta. In an aje ruwa ya kwana, rabinta kan kwanta ƙarƙashin randa.

Na biyu ƙwayoyin cuta ne, waɗanda a darasin faransanci kuka sani da sunan mikrob. Rayayyu ne, suna ci, suna hayayyafa. Ba a ganinsu sai da madubin likita, wato mikroskop. In an jera dubu ɗaya daga cikinsu, tsawonsu duka ba zai wuce milimetir 1 ko 2 ba. Su ke kawo zawo, da taifot, da kwalara. A 2018 kwalara ta kama mutum fiye da dubu 3 a ƙasarmu, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Ku tambayi kakanninku labarin kurkunu. Shi da ƙyalle aka yaƙe shi, don ɗan ƙwaron da ke ɗauke da shi ba ya wuce saƙar ƙyalle. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida babu sauran kurkunu a Nijar. Amma mikrob ya fi ƙwaron nan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ramin ƙyalle gare shi ƙofar gari ce.

Na uku su ne ƙarafa masu nauyi: darma, da zaiba, da kadmiyom, da kurom. Ana lissafa arsenik tare da su. Me ya sa aka ce masu nauyi? Litar 1 ta ruwa kilo 1 ce. Litar 1 ta darma ta fi kilo 11. Ta zaiba kuwa kilo 13 da rabi.

Waɗannan ƙarafa kan narke cikin ruwa kamar gishirin da yarinyar nan ta faɗa. Sai dai su ko harshe ba ya jinsu. Ba su da launi, ba su da wari. Mutum zai sha yau, ya sha gobe, bai ji kome ba. Amma jiki ba ya fitar da su da sauƙi. Darma kan taru cikin ƙashi da jini, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami, ta rage masa fahimta har girmansa.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada darma ta wuce miligiram 1 cikin litar 100 ta ruwan sha. Mu yi lissafi. Giram 1 miligiram 1000 ne. Ke nan giram 1 na darma ya isa ya kai litar dubu 100 bakin iyaka. Tano, wato duro, na cin litar 200. Tano 500 ke nan, saboda darmar da ba ta kai girman ƙwayar wake ba.

Daga ina take shiga? Daga tsohon batir na mota da aka fasa kusa da rijiya. Daga juji, inda ruwan sama ke wanke tarkace ya kai tabki. Daga wurin haƙar zinari. A 2010 likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières sun tarar yara na ta mutuwa a waɗansu ƙauyukan jihar Zamfara ta Najeriya, wajen Anka da Bukkuyum. Mutane na kawo dutsen zinari cikin gida, suna dakawa, suna niƙawa. Ashe dutsen cike yake da darma. Ƙura ta bi tsakar gida, ta bi abinci, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. Yara wajen 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Zamfara ba nesa take da Maraɗi ba, kuma mu ma ana haƙar zinari a ƙasarmu, masu haƙa da dama na kama shi da zaiba.

Wani lokaci kuma babu laifin kowa sai na dutsen ƙarƙashin ƙasa. A Bangaladash an gina rijiyoyin pampo miliyoyi don mutane su bar ruwan tabki. Zawo ya ragu. Amma a 1993 aka gano ruwan da yawa daga cikinsu na ɗauke da arsenik. Mu ma mun ga irin wannan a Tibiri, kusa da Maraɗi, inda ruwan pampo mai fuluwor da yawa ya ɓata haƙoran yara, ya tanƙwara ƙafafun ɗaruruwansu. Fuluwor ba ƙarfe ba ne, amma ruwan nan ma garau yake a ido.

Ku riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa na kashe mikrob, amma ba ya taɓa darma. Ruwa ne ke tashi ya zama tururi, ita tana nan cikin tukunya.

Ƴaƴan zogala

Kowa ya san kwaɗon zogala, wadda a waɗansu wurare ake kira tamaka. A Jiratawa garake ne guda guda ake nomawa. Mu ganye muke ci. Amma matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna tace ruwa da ƴaƴanta. Wata masaniya, Samia Al Azharia Jahn, ta bi su gida gida tana duba aikinsu, ta rubuta littafi a kai a 1981. Daga nan duniya ta sani.

Mu gwada. Ku samo busassun ƴaƴan zogala, ku ɓare, ku ɗauki farar tsakiyar. Ƙwaya 1 ga litar 1 ta ruwan tabki. Ku daka ta yi laushi, ku dama garin cikin ɗan ruwa mai tsabta, ku tace da ƙyalle cikin ruwan tabkin. Ku motsa da ƙarfi minti 1, sa'an nan a hankali minti 5 zuwa 10. Ku aje, kada kowa ya taɓa. Ku aje wata kwalbar a gefe wadda ba a sa wa kome ba.

Bayan awa 1 ko 2, me kuka gani? Laka ta dunƙule ta kwanta, ruwa ya yi fari a sama. Ɗaya kwalbar tana nan ja.

Ga dalili. Ku goga bik a gashin kanku, ku kai shi kusa da ɗan guntun takarda. Takarda ta tashi ta manne, ko ba haka ba? Wannan ƙarfi na lantarki iri biyu ne, ana rubuta su + da –. Iri ɗaya na korar juna, iri dabam na jan juna. Ƙwayoyin laka duk – gare su, shi ya sa ba su haɗuwa, sai su yi ta yawo cikin ruwa. Cikin ɗan zogala kuwa akwai wani furotin mai +. Da ya shiga sai ya jawo su, su tattaru, su yi nauyi, su nutse. Fatar mikrob ita ma – ce, saboda haka mafi yawansu kan nutse tare da lakar. Aikin da alif na kasuwa ke yi ke nan, sai dai wannan a bayan ɗaki yake tsirowa.

Na ce mafi yawansu, ban ce duka ba. Ruwan zogala sai an tafasa shi ko an sa masa ƙwayar maganin ruwa ta gidan likita kafin a sha. Kuma kada ya kwana, don sauran garin da ke ciki abinci ne ga mikrob. Darma kuwa, kada ku dogara ga zogala a kanta.

To, mene ne zai kama darma?

Ƙarami ya fi babba baki

Ku ɗauki ma'aunin lakwal ku duba milimetir 1. A raba shi kashi 1000, a sake raba kashi ɗaya kashi 1000. Abin da aka samu shi ne nanometir. Milimetir 1 nanometir miliyan 1 ne. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanometir dubu 80. Duk garin da ƙwayarsa ke tsakanin nanometir 1 da 100, masana na kiransa garin nano. Ko mikrob ƙato ne a kusa da shi.

Ina amfanin niƙa abu har haka? Ku tuna da mai shayi. In yana sauri, ba ya jefa sukari dunƙule, sai ya farfasa. Ruwa na taɓa sukari ta bayansa kaɗai. In an farfasa, baya ya ƙaru.

Ku fito da allo. Ga dunƙule mai fuska 6, kowane gefe santimetir 1. Faɗin bayansa duka santimetir murabba'i 6. A yanka shi ƙanana, kowane gefe milimetir 1. Ƙanana nawa aka samu? 1000. Faɗin bayansu duka ya zama santimetir murabba'i 60. Nauyi bai sake ba, amma baya ya ninka sau 10. In aka ci gaba da yanka har kowane gefe ya zama nanometir 10, faɗin bayansu zai kai metir murabba'i 600. Fili ne mai tsawon metir 30 da faɗin metir 20. Ranar da na fara yin lissafin nan a makarantar horon malamai, sau uku na sake shi, ina tsammanin na yi kuskuren sifiri.

Darma da ke narke cikin ruwa a bayan abu take mannewa. Saboda haka cokali ɗaya na garin nano na iya kama abin da tulin tsakuwa ba zai kama ba.

Abin da majema suka riga sani

Yin irin wannan gari a masana'anta na son wuta mai yawa da magunguna masu tsada, waɗansunsu ma guba ne. Shi ya sa masana suka koma ga itatuwa.

Ku je wurin majema da dukawa na Damagaram ko na Maraɗi. Da ƴaƴan bagaruwa ake jima fata. In baduku na son baƙi, sai ya shafa kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera ko tsohon ƙarfe. Kuloko cikin kasko ba wani baƙi gare shi ba. Amma da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta yi baƙi ƙirin, kuma ba ya wankuwa. Cikin bagaruwa akwai wani abu mai bauri, sunansa tanin. Shi ne ke cafke ƙarfe ya riƙe. Akwai shi cikin ganyen shayi, shi ke ɗaure muku harshe in shayi ya yi ƙarfi.

Wannan ma kuna iya gwadawa. Ku jiƙa ƙusoshi masu tsatsa cikin binegar, ruwan tsamin nan na kwalba da ake sa wa salak, kwana 3 ko 4. Ku dafa shayi mai ƙarfi ba sukari, ko ku jiƙa bagaruwa. Ku ɗiga ruwan ƙusa a ciki. Nan take zai koma kamar tawada. Ba na sha ba ne, a zubar bayan an gani.

Abin da masana ke yi ɗan'uwan wannan ne. Sukan haɗa ruwan ganyen shayi da gishirin baƙin ƙarfe, su sami baƙin gari mai ƙwayoyi na nano. In an zuba shi cikin ruwa mai darma ko kurom ko arsenik, sai gubar ta manne a bayansa. Wani irin garin ma mayen ƙarfe na jansa. A 2006 masana na jami'ar Rice a Amurka sun nuna haka da ƙwayoyin tsatsa masu nanometir 12: suka zuba cikin ruwa mai arsenik, suka kawo ɗan mayen ƙarfe kusa, ya janye garin da gubar tare.

Akwai kuma na auduga. Zaren auduga kusan dukansa wani abu ne mai suna seluloz, wanda ke cikin kara da ice da takarda. Ana warware shi har ya zama silili na nano, a yi takardar tata da shi. Ramukanta sun yi wa mikrob kaɗan. In an gyara silin ya ɗauki –, sai ya riƙe darma da kadmiyom, don su + gare su cikin ruwa. Kun ga lissafin bik da takarda ya sake dawowa.

Sai gawayi. Ba na dafa shayi ba, wani ne da ake ƙonawa ta hanya ta musamman har cikinsa ya cika da ramuka ƙanana ƙwarai. Giram 1 nasa faɗin cikinsa na iya wuce metir murabba'i 500. Masana na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai sun yi irinsa da ɓawon ƙwallon aduwa da na magarya, abin da kuke tsotsewa ku yar a hanyar lakwal.

Bedi da azurfa

Mu koma ga mikrob. Tun zamanin da mutane sun lura ruwa da madara na jimawa ba su lalace ba cikin kwanon azurfa. Ba su san dalili ba. Yanzu an sani: azurfa na sakin ɗan abu kaɗan cikin ruwa, ya manne a fatar mikrob, ya huda ta, ya tsai da aikin cikinsa. Amma wa ke da randar azurfa?

A 2004 masana a birnin Pune na ƙasar Indiya suka dafa ganyen bedi, wanda waɗansu ke kira dogon yaro. Suka zuba ruwan cikin ruwan gishirin azurfa, wanda fari ne garau. Ba da jimawa ba ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Launin nan shi ne alamar azurfa ta fito ƙwaya ƙwaya ta nano. Ganyen ya yi aiki biyu: ya fid da azurfar daga gishirinta, kuma ya lulluɓe kowace ƙwaya don kada su dunƙule. Bayan su an gwada da ganyen zogala, da na shayi, da ɗaruruwan itatuwa. Bedi asalinsa daga wajen Indiya ne, amma yau babu garin da ba ya inuwa a ƙasarmu.

Da yake ƙwayoyin ƙanana ne, azurfa kaɗan ta isa. Akwai wata tukunyar tata da wani masani, Fernando Mazariegos, ya ƙirƙira a ƙasar Gwatamala a 1981. Ana kwaɓa yumɓu da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a gina tukunya, a gasa. Wuta ta cinye ƙaiƙayi, ta bar ramuka ƙanana. Sai a shafe ta da ruwan azurfa, a ɗora bisa bokiti mai murfi. Ruwa na tsatsafowa litar 1 zuwa 3 a awa. Ramuka na tare laka da mikrob, azurfa na kashe waɗanda suka maƙale. Duk lokacin da na ga randunan Mirya a kasuwa sai tukunyar nan ta faɗo mini a rai. Yumɓu muna da shi, hannu ma muna da shi.

A yi hattara

Kada wani ya koma gida ya ce mushe ya ce a zuba ruwan bedi cikin randa. Ban ce ba. Ganye ma'aikaci ne wajen yin garin, ba shi ne maganin ba.

Mafi yawan abin da na ba ku labari cikin ɗakin bincike aka yi shi, da kofi ɗaya na ruwa da aka auna kome nasa. Ruwan tabki dabam ne. Akwai laka, akwai gishiri, akwai kashin dabbobi, kowanne na neman wurin zama a bayan garin. Sau da yawa kafin darma ta sami wuri an cika.

Kuma garin bai kashe darma ba, riƙe ta ya yi. Darma ba ta mutuwa, ba ta ruɓewa. Ranar da matata ta cika, ita kanta ta zama guba. In an yar da ita bakin rijiya, an mai da abin inda aka ɗauko shi. Azurfa ma ba ta san mikrob na kirki da mugu ba. In ta yi yawa cikin gulbi tana kashe kifi da ƙananan halittu, in ta yi yawa cikin jikin mutum fatarsa kan koma toka-toka har abada. Shi ya sa ake ɗaure ƙwayoyin a jikin yumɓu ko takarda, ba a sake su cikin ruwan sha.

A ganina, aikin da ya fi sauƙi yana hannunmu tun yanzu: kada a fasa batir kusa da rijiya, kada a daka dutsen zinari cikin gida ko a turmin abinci, kada a wanke shi a tabkin da ake sha. In kuma ana shakkar wata rijiya, ido ba zai raba gardama ba, harshe ma haka. Sai ma'aikatan ruwa sun ɗebi kwalba sun kai ɗakin awo.

Aikin yi

1. Ku yi gwajin zogala da kwalba uku: ɗaya ba kome, ɗaya ƙwaya 1, ɗaya ƙwaya 4. Ku zana abin da kuka gani bayan awa 1. Shin wadda ta fi yawan gari ita ta fi haske?

2. Randar gidanku na cin litar 40. In mutanen gida na shan randa ɗaya kullum, kwana nawa za su yi kafin su sha litar dubu 100?

3. Wani ya ce: "Ruwan rijiyarmu na kusa da wurin wankin zinari, amma muna tafasa shi." Me za ku ce masa? Ku rubuta amsa da hausa, sa'an nan da faransanci.

4. Ku zagaya rijiyar unguwarku, ku ƙirga taki 30 ta kowane gefe. Ku rubuta duk abin da kuka tarar a ƙasa.

5. Ku tambayi wata tsohuwa a gidanku da me ake kwantar da ruwan tabki sa'ad da take yarinya. In ice ne ko ganye, ku zo da shi aji ranar Litinin, da sunansa.